Abin da Goggo Margret Ke Kiwo a Randa

Lamorde, Mubi,
Jihar Gongola.
9 ga Yuni, 1986.

Yaya Levi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Rachael da yara, da sauran 'yan Michika da ke nan Samaru. Mu ma nan muna godiya. Ruwa ya sauka sosai, mayo, rafin garin nan, ya cika har mata sun daina tsallakawa da ƙafa.

Na san za ka leƙa ƙasan takardar nan ka ce wace Selina kuma. Ni ce 'yar Yaji, kakata da kakanka ciki ɗaya suke. Rabona da kai tun ina 'yar aji huɗu, lokacin da ka zo hutu ka hana mu shan ruwan kududdufi, muka bi ka muna kiranka likita ba allura. An ce zumunta a ƙafa take. Tawa a takarda ta zo, kuma da buƙata ta zo, ba zan ɓoye maka ba.

Ina auren Vandi, ma'aikaci a ofishin gona, ni kuma ina koyarwa a firamare. Ɗanmu na fari sunansa Tizhe, yana wata na takwas. Tun da na koma aiki cikinsa bai zauna ba. Zawo ya zo, ya tafi, mu ce mun gode Allah, kafin mu rufe baki ya dawo. Yaron da a da ɗaukarsa sai da nishi, yanzu haƙarƙarinsa a waje. Nas ɗin asibiti ta ce mu duba ruwan da muke sha.

Ruwan gidanmu a randa ɗaya yake, ta Goggo Margret, yayar baban Vandi. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, Vandi ya ɗauko ta ta zauna da mu, ita ke riƙe mini Tizhe in na tafi makaranta. Randar a kafaɗa ta sauko da ita daga dutse, kuma ba ta yarda kowa ya sa mata soso. Ɗauraya kawai take yi ta zuba sabon ruwa. Ruwan akwai sanyi da daɗi, ban musa ba. Amma kwanan baya na zura hannu na shafa cikinta, sai na ji santsi kamar miyar kuɓewa.

Ba santsin kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Unguwa ta fara magana. Tsohuwa marar haihuwa, da yaro mai ramewa a hannunta, ka san sauran, ba sai na rubuta kalmar ba. Vandi bai ce komai ba tukuna, amma ya daina zama ya ci abinci kusa da ita, kuma shirun Vandi ya fi faɗansa ban tsoro. Ni ban yarda ba. Matar nan in Tizhe ya yi tari ita ke fara zabura kafin ni. So nake in toshe bakin mutane da abin da ba za su iya musawa ba.

An ce aikinka a ɗakin gwaje-gwaje shi ne kallon abubuwan da ido ba ya gani. Na ba Malam Rufa'i, mai sayar da kayan keke a kasuwarmu, ƙananan kwalabe biyu ya kawo maka, tunda Zariya zai je saro kaya. Na tafasa su kafin in zuba komai. Ɗaya ruwan randar ne, ɗaya kuma santsin da na kankaro da cokali lokacin da Goggo ta tafi zumuntar mata a coci. Ka sa su a madubinka ka faɗa mini abin da ke ciki. Ka aiko amsa ta akwatin ofishin su Vandi, lambar na bayan ambulan.

Ka gai da Rachael, ka ce mata ina nan ina jin labarin kirkinta.

Ƙanwarka,
Selina.

Samaru, Zariya.
17 ga Yuni, 1986.

Ƙanwata Selina,

Salama ta Ubangiji ta kasance tare da ku. Muna lafiya, sai Rachael da ke fama da mura, ta kuma ce in gaya miki duk wanda ya ba ki labarin kirkinta bai taɓa cin tuwonta ba. Yaya jikin Tizhe? Allah ya ba shi lafiya. Ban manta ki ba, ke ce mai babbar murya a cikin masu yi mini waƙa.

Malam Rufa'i ya kawo saƙo da hannunsa, ya tsaya sai da ya leƙa madubin, ya ja da baya yana salati. Ba laifinsa ba ne. Selina, abin da kika kankaro ɗin nan gari ne guda. Ƙwayoyin cuta fal, wasu dogaye, wasu kamar gero, wasu a jere kamar tsakiya. Santsin da kika ji su suka gina shi, gidansu ke nan. Sukan manne a jikin abu, su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, su zauna ciki su yi ta haihuwa, ɗauraya ba ta fitar da su. Irin wannan ba aikin wata ɗaya ba ne. Gaskiya Goggo Margret ta daɗe tana kiwonsu, kuma ta iya kiwo, don na jima ban ga waɗanda suka ƙoshi haka ba. Har abokan aikina na kira suka zo kallo.

Ban gama ba. Kallo kaɗai ba ya nuna wane ne wane, sai na shuka su a faranti sun tsiro sannan in tantance. Kafin nan ku riƙa tafasa duk ruwan da yaron zai sha. In zawo ya taso, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari yadda ake koyarwa a asibiti, ki yi ta ba shi kaɗan-kaɗan ko yana ƙi. In kin ga maɗigarsa ta faɗa ko ya daina fitsari, kada ki jira kowa, ki kai shi asibiti.

Abu ɗaya ba ki faɗa mini ba. In kina makaranta, me yake sha, kuma a cikin me? In fida ce, kwalbar nan ta shayar da jarirai, ki cire robar bakinta ki aiko mini yadda take, kada ki wanke.

Ina sauri ne, mai kai wasiƙu na jirana a ƙofa. Ki gai da Vandi duk da ban san shi ba, ki gai da Goggo.

Yayanki,
Levi.

Lamorde, Mubi.
1 ga Yuli, 1986.

Yaya Levi,

Ina gaisuwa. Ina fata murar Rachael ta sake ta. Tizhe yana nan jiya-i-yau, ni kuma lafiyar jiki ce kawai gare ni.

Takardarka ta zo, amma ba ni na fara karanta ta ba. Vandi ya buɗe a ofis, ya karanta, ya dawo gida tun ba a tashi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya karanta ta da ƙarfi, Goggo na zaune tana tsince wake, maƙwabta na jin komai ta kan katanga. Da ya kai wurin kiwo sai ya tsaya, ya maimaita. Na leƙa takardar a hannunsa, na ce masa ya ƙarasa, akwai saura, ka ce ba ka gama ba. Ya ce abin da ya ji ya ishe shi.

"Ba ni ne na faɗa ba," in ji shi. "Mutumin Zariya ya gani da mashin. Ya ce cuta, ya ce kiwo. Ruwa ba ya tsami banza."

Goggo ba ta karatu, Hausarta ma ta kasuwa ce, amma waɗannan kalmomi biyu ta gane su sarai. Ta ajiye faifan ta dube shi.

"Ni akuya ma ba ni da shi, Vandi. Me zan kiwo?"

Ya zubar da ruwan, ya gangara da randar bayan gida ya kife, ya sayo jarka. Ya ce daga ranar kada ta ƙara taɓa yaron, ko kallonsa ta rage. Yanzu wata maƙwabciya ke riƙe mini shi. Ya kuma aika Michika a kira wansa Zira, wai ƙarshen wata dangi za su zauna a san inda za a kai ta. Matar da ta goya Vandi kansa a bayanta, yau ita ake neman inda za a ajiye.

Yaya Levi, kai ɗan dutse ne kamar mu. Ka san abin da ake nufi a wurinmu in aka ce tsohuwa tana kiwon abu a cikin tukunya. Ko Zariya ta wanke maka kunne ne? Ni na roƙe ka abin da zan rufe bakin mutane da shi, ka aiko musu da abin da za su yi ta tauna har baɗi. A bakin rijiya yanzu har ƙari suke yi, wai ka ga abin yana da ido, wai mai kayan keke ya suma da ya leƙa.

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ma zuciyata ta fara rawa. Na karanta takardar nan har ta fara yagewa a wurin ninki. Wani lokaci in ga wasa kake yi irin naka, wani lokaci in ga gaskiya ce ka naɗe cikin wasa don kada ka ba mu kunya. Ni malama ce, ina koya wa yara kada su yarda da camfi. Amma in na ɗauki ɗana na ji ba nauyi, duk karatuna guduwa yake. Jiya Goggo ta miƙo mini moɗa, sai da na yi jinkiri kafin in karɓa, ta kuwa lura. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

Batun fida, e, yana sha. Madarar gwangwani nake haɗa masa da safe in bar musu, in na dawo in ba shi nono. Amma fidar sabuwa ce, daga kanti na saye ta, kullum ina wanke ta da sabulu da hannuna. Ban ga abin da za ka nema a cikinta ba, kuma ita kaɗai gare mu.

Ka amsa mini tambaya ɗaya, ba wasa, ba kewaye-kewaye. Abin da ke cikin randar nan shi ke cutar ɗana ko ba shi ba ne? Ka rubuto kafin Zira ya zo. Wannan karon ka aiko ta makarantarmu.

Selina.

Mubi.
21 ga Yuli, 1986.

Yaya Levi,

Ina gaishe ku, ina fata kuna lafiya. Mu ba mu da ita. A bencin asibiti nake rubuta wannan.

An kwantar da Tizhe. Maɗigarsa ta faɗa kamar yadda ka ce, idonsa ya shige, na ɗauke shi ban jira Vandi ba. Sun ƙara masa ruwa ta jijiyar kai don sun rasa ta hannu. Yau ya buɗe ido ya kama nono, amma ban isa in ce komai ba tukuna.

Kullum sai na aika a duba mini akwatin makaranta, ba komai. Vandi ya ce shiru ma magana ce. Ya ce ka faɗi abin da ka gani sau ɗaya, kai mutum ne mai kunya, ba za ka so a sa ka maimaita a kan tsohuwa ba. Kai ka bar ni ba abin faɗa.

Goggo ta zo jiya da kunu a kwano. A ƙafa ta zo daga Lamorde cikin yayyafi. Ba ta shigo ba, ta tsaya bakin taga tana leƙe. Vandi ya fita ya ce ta koma da abinta, a gaban mutane. Ta juya da kwanonta ta tafi. Ta rame, an ce ba ta cin abinci sai an matsa. Ina zaune ina kallo ta taga, ban tashi ba, kuma abin yana cina.

Nas ta hana shigo da fida ɗakin yara, ta ce kofi da cokali kawai. Tunda ba ta da amfani yanzu, kuma ka nema, ga robar nan na ƙulle a leda na ba Malam Rufa'i. Ban wanke ba.

Zira zai iso ranar Asabar mai zuwa. In kana da abin faɗa, yanzu ne.

Selina.

Samaru, Zariya.
2 ga Agusta, 1986.

Ƙanwata Selina,

Ina gaishe ki, ina gai da Vandi, ina gai da Goggo Margret da girmamawa. Muna lafiya. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ku Tizhe ya tashi.

Ba shiru na yi ba, ba na gari ne. An tura mu ɗibar ruwan gwaji wajen Yawuri, ba mu dawo ba sai farkon makon nan. Na tarar da takardunki biyu da ƙullin Malam Rufa'i a kan tebur. Magana zarar bunu ce, na zare ban duba inda za ta faɗa ba.

Ga amsar tambayarki, ba wasa. A'a. Ban sami abin da ke kawo irin zawon Tizhe a randar Goggo ba. Ki karanta wa Vandi wannan layin, ki maimaita masa yadda ya maimaita wancan.

Kalmar ce ta ci amanarmu. Halittun nan ƙanana, a Hausa ba mu da sunan da za mu kira su sai ƙwayoyin cuta, don a asibiti aka fara ba mu labarinsu. Kamar a ce duk mutumin da ke Mubi sunansa ɓarawo, don ɓarawo aka fara kamawa. Mafi yawansu ba ruwansu da cutar kowa. Su ne santsin dutsen mayo da ke kayar da mata. Su ne abin da kike ji a haƙoranki da safe kafin ki yi asuwaki. Su ke sa nono ya yi tsami a ƙwarya, su ke mai da kalwa daddawa. Suna cikin ƙasar gonar da Vandi ke aunawa, suna cikin hanjin Vandi kansa, da nawa, da na fasto, kuma ba don su ba da abinci bai zauna mana ba. In kiwonsu laifi ne, duk dangi sai a nema mana wurin da za a kai mu. Na randar Goggo, da na shuka su, 'yan ƙasa da ruwa ne, irin da ke cikin kowace tsohuwar randa. Wannan ba ya nufin kada a riƙa goge ta lokaci-lokaci, ko a riƙa tsoma hannu ciki. Amma ba mugunta a wurin, ba asiri.

Yanzu robar fida. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba zargi ba ne. Na juya cikinta waje. A lungun da take haɗuwa da murfi, inda yatsa ba ya kaiwa, akwai irin wannan santsin, siriri, fari, ido ba zai kula ba. Na shuka shi ranar da na dawo, ya tsiro da irin waɗanda ake samu a najasar mutum. Ƙuda ɗaya ko hannu ɗaya ya isa ya kai su, madara ta ciyar da su, zafin gari ya ƙarasa aikin. In sun riga sun gina gidan nan, ruwan sabulu wucewa kawai yake yi ta kansu. Kowace safiya sabuwar madara na bi ta wurin. Robar ta kwana a hanya, don haka ba zan rantse a gaban alƙali ba, amma in ɗana ne, nan zan nuna. Ba ƙazantarki ba ce, iyaye masu tsabta da yawa abin ya same su haka.

Kada fida ta ƙara komawa bakinsa. Kofi da cokali, a wanke a tafasa. Ki ba shi nono iyakar iyawarki, shi ke ciyar da na kirkin da ke cikinsa har su dawo da ƙarfinsu bayan wannan wahala.

Na san wataƙila Zira ya riga ya zo. In an yanke wani abu, a warware. In ana so in zo in faɗa da bakina a gaban dattawan coci, zan nemi izini in zo. Ki ce wa Goggo, da yarenmu, jikan ƙanin kakarki ya yi wasa a inda ba a wasa, yana neman gafara.

Yayanki,
Levi.

Duvu.
20 ga Agusta, 1986.

Yaya Levi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kuna lafiya. Tizhe ya warke. Yana ci, kumatunsa sun fara dawowa, ya koma rarrafe har yana jan zanen mutane. Ka ga adireshin da ke sama ba Lamorde ba ne, bari in faɗa maka dalili.

Takardarka ta makara. Zira ya zo muna asibiti, aka zauna ba ni. Goggo ba ta bari an yanke mata hukunci ba. Tun kafin su gama addu'ar buɗewa ta fito da ƙullin kayanta, ta ɗaga randarta daga bayan gida, ta ce akwai dangin mijinta a Duvu, za su ba ta ɗaki. Ba wanda ya ce ta zauna. Washegari aka sallame mu, kuma daga ranar cikin Tizhe bai sake motsi ba.

Ka ga inda abin ya tsaya. Ni na san fida aka raba shi da ita a wannan makon, ga kuma hutun makaranta, nono yake sha safe da yamma. Su kuma abin da suka gani shi ne tsohuwa ta fita, yaro ya tashi. Lafiyar ɗana da na yi ta roƙon Allah ita ta zama shaidar da ta kama Goggo.

Na karanta wa Vandi takardarka tun daga gaisuwa har sa hannu. Ya saurara har na ga kamar ta shige shi. Sai ya ce, "To amma da ta tafi, ya warke ko bai warke ba?" Na kai ta zumuntar mata na karanta musu. Suka yi dariya a wurin hanjin fasto, suka ce lallai mutumin nan ya yi karatu, sannan wata ta ce ai dole ka gyara magana tunda ka ga ta ɓata dangi. Takarda ta farko ita ce gaskiya a wurinsu, ta biyu kunya ce. Don haka kada ka wahalar da kanka da zuwa, ko madubin ka ɗauko a ka ba zai yi ba. Ban riƙe ka a zuciya ba, ni na kankaro abin da hannuna.

Na yi tunani na ga da ido aka kama Goggo, da ido kuma za a sake ta. Na goya Tizhe na hau babur zuwa Duvu. Na ce wa Vandi hutuna a can zan yi, in yana son ɗansa da matarsa ya zo ya ɗauke mu mu uku, ƙasa da haka kada ya ɓata man babur. Ya yi faɗa sosai, irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Gara faɗan.

Na same ta a wani ɗaki da a da ake ajiye gyaɗa. Labari ya riga ta zuwa, yaran gidan ba sa shiga wurinta. Na durƙusa na faɗa mata saƙonka da yarenmu, na ƙara da nawa. Ta ce ta yafe, ba ta ja ba. Amma da na kwance Tizhe na miƙa mata, sai ta mai da hannuwanta baya.

"Ki ɗauke shi. In ya yi atishawa a hannuna, wa za a ce?"

Yaron yana ta miƙa mata hannu yana kuka, don ya gane ta. Ta juya ta fuskanci bango. Ban taɓa jin abu ya soke ni haka ba.

Na shimfiɗa tabarmata a ɗakin. Kullum da safe a tsakar gida nake ɗibar ruwa daga randarta, in tafasa kamar yadda ka ce, in dama masa kunu kowa na gani. Masu zuwa kasuwar Mubi suna kai labari, na sani, don haka nake yi a fili. Ba zan ce maka ba na tsoro ba. Yana fitar da haƙori, damina ce, yaro kowane iri yana iya yin zawo. In ya yi a nan, ko na yini ɗaya ne, na ƙarasa Goggo da hannuna. Duk lokacin da zan canza masa ƙyalle sai gabana ya faɗi. Ka sa mu a addu'a, kai da Rachael, ka kuma rubuto mini duk abin da zan kiyaye, ta hannun mai wa'azin Duvu.

Vandi bai zo ba tukuna. Ya dai aiko da masara, bai ce ta wace ce ba.

Yau da safe ina ba Tizhe kunu, ya ture cokalin ya ƙi karɓa, ya juya yana kallon Goggo. Matan gidan na zaune suna sussuka. Na miƙa mata cokalin, na bar hannuna a miƙe har ya fara ciwo. Ta dubi matan, ta dube ni, ta karɓa. Rabin kunun a rigarsa ya zube. Sauran ya shanye, ya buɗe baki yana jiran na biyu.

Ƙanwarka,
Selina.